Kafson ƙurajen fuska da juna biyu: maganar da ba a yi wa amare

Leɓenta ne ya fara jan hankalina. Muna zaune a tsakar gida ana ta lissafin anko, ɗiyar yayana da aka sa wa rana tana gefe da waya a hannu, jim kaɗan sai ta ciro 'yar kwalbar basilin ta shafa a baki, can anjima ta ƙara. Leɓen ya bushe ya tsattsage har gefen bakin ya yi ja kamar ana tsakiyar hunturu, alhali damina ce, ruwa ma aka kwana ana yi. Fuskar kuwa masha Allah, yarinyar da tun tana ƙaramar sakandare take fama da ƙuraje irin manyan nan masu zafi da ke barin rami, ta yi sumul. Nace ke wai me kike shafawa ne haka. Tace Anti ba shafawa bane, wani kafso ne nake sha, ƙawata ce ta haɗani da mai sayarwa, wallahi sati huɗu kawai na fara ganin canji. Ta shiga ɗaki ta ɗauko min kwalin. Isotretinoin, 20mg. A jikinsa akwai ɗan hoton mace mai ciki an ja mata layi. Nace kin ga wannan kuwa? Tace ta gani mana, ai ita ba ciki gareta ba. Saura sati bakwai ɗaurin aure, kuma niyyarta ta ci gaba da sha har satin biki, ragowar ma ta tafi dashi gidanta saboda kar ƙurajen su dawo.

Ranar ban yi baccin kirki ba. Kuma tun daga lokacin nake ta son in rubuta wannan, saboda na san ba ita kaɗai bace.

Bari in fara da yi wa maganin adalci, dan bana son a karanta wannan a tafi ana cewa guba ne. Isotretinoin magani ne na gaske, a duk magungunan ƙurajen fuska babu wanda ya kama ƙafarsa. Ɗan gidan bitamin A ne, kuma aikinsa shine ya tsuke 'yan buhunan maiƙon nan da ke ƙarƙashin fata har su kusa daina fitar da mai, shi yasa leɓe da cikin hanci da ido suke bushewa. A 1982 aka amince dashi a Amurka da sunan Accutane, kamfanin Roche ne ya fito dashi, a wasu ƙasashen kuma ana kiransa Roaccutane, yanzu kamfanoni da yawa ne suke yinsa da sunaye kala kala. Ana sha kamar wata huɗu zuwa shida, kuma da yawan waɗanda suka kammala ƙurajen basa dawo musu yadda suke da. Duk wadda ta taɓa fama da irin ƙurajen da ko filo ta kwanta a kai sai ta ji zafi, wadda ta daina shiga hoto, wadda kowace goggo ta ganta sai ta ce me ya samu fuskarki, ta san wannan ba ƙaramin abu bane. Ni bana cikin masu cewa ai ƙuraje ne kawai ki haƙura. Ciwo ne, kuma yana taɓa zuciya.

Matsalar ɗaya ce amma babba ce. Cikin magungunan da ake rubuta wa mutane a yau, yana sahun gaba wajen nakasa ɗan tayi.

Ba a daɗe da fara sayar dashi ba rahotanni suka fara shigowa na jarirai da aka haifa da tawaya iri ɗaya. A 1985 wani likita mai suna Edward Lammer da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine akan ciki 154 da uwayen suka sha maganin. A ciki 95 an zubar, 12 ɓari aka yi, 26 an haifi jariran babu wata babbar nakasa, 21 kuma an haife su da nakasa. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗannan sai bayan abu ya faru aka kawo rahotonsu, wanda hakan na iya sa lissafin ya yi nauyi, shi yasa suka ware guda 36 da aka bibiya tun ciki yana ƙarami kafin a san me za a haifa. A cikinsu 8 suka yi ɓari, 23 suka haifi lafiyayyu, 5 suka haifi masu nakasa. Kuma abin da ya ɗaga hankalin likitoci shine nakasar tana da kama ɗaya, kusan ka gani ka gane. Kunne ɗan mitsitsi ko babu shi gaba ɗaya, ko ramin kunnen a toshe. Haɓa ƙarama, wani lokacin ganɗa a tsage. Zuciya da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta basu zauna daidai ba. Ruwa ya taru a kai, ko ƙwaƙwalwar bata ginu yadda ya kamata ba. Sai wani ɗan ƙulli a ƙirji da ake ce wa taimos, wanda shi ke horar da garkuwar jikin jariri, shima ya zo a tauye.

Lissafin da likitocin fata suke amfani dashi yanzu shine kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na jariran da maganin ya taɓa a ciki suna zuwa da nakasar da ake gani, alhali a kowane ciki na yau da kullum abin bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Ɓari kuma kusan ɗaya cikin biyar. Sannan akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba kuma ni shi yafi tsaya min a rai, yara da yawa da aka haifa ana ganinsu garau, yatsu cif kunne cif, sai sun fara girma a ga magana ta yi jinkiri, karatu baya zama, ana ta dukan yaro a makaranta ana cewa daƙiƙi ne, babu wanda zai tuna da wani kafso da uwarsa ta sha shekara bakwai baya.

Toh me yasa maganin fuska zai je ya taɓa kunnen jariri? Nan ne abin ya ke da ban mamaki. Jikin ɗan tayi da kansa yana amfani da wani sinadari daga bitamin A a matsayin alama. Ki tuna yadda tela yake shimfiɗa yadi ya ɗauki alli ya zana, nan wuya, nan hannu, nan za a yanka, nan za a bari. Haka wannan sinadarin yake a makonnin farko, yawansa a wani wuri da ƙarancinsa a wani wurin shine yake gaya wa ƙwayoyin halitta ku nan zaku je ku zama muƙamuƙi, ku kuma kunne, ku kuma ku gangara ku raba jijiyoyin zuciya. Awo ne mai tsananin daidaito. Isotretinoin idan ya shiga jinin uwa yana ratsawa ya isa wurin tayin, jiki ya juya wani ɓangarensa ya koma irin wancan sinadarin, sai ya zama kamar an zazzage garin alli akan yadin gaba ɗaya. Layin ya ɓace, almakashi kuma bai tsaya ba. Shi yasa babu wani adadi da za a ce miki wannan kaɗan ne ba komai, kuma babu maganar ai kwana biyar kawai na sha.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ainihin tarkon. Yawancin gaɓoɓin nan ana zana su ne tsakanin sati na uku zuwa na takwas bayan shigar ciki. Zuciyar tayi tana fara bugawa wajen kwana 22, wato kamar sati ɗaya kenan da ɓatan wata. Wace mace ce a cikinmu take sanin tana da ciki a lokacin? Mafi yawanmu sai wata ya wuce, an ƙara sati biyu ana cewa bari dai mu gani, sai tashin zuciya ya fara sannan a aika yaro kemis ya sayo abin gwaji. Kafin nan an gama yanka yadin. Don haka maganar da ɗiyata ta yi, ai ni ba ciki gareni ba, idan na samu sai in daina, ita ce maganar da kusan kowa take yi, kuma ita ce bata aiki da wannan maganin.

Turawa sun sha wuya kafin su koyi wannan darasin. A 1957 aka fara sayar da wani magani a Jamus mai suna thalidomide, mata masu ciki suna sha dan bacci da laulayi, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannaye da ƙafafu a ƙasashe da dama. Tun daga nan duk maganin da aka san yana taɓa tayi sai a kewaye shi da shinge. Na isotretinoin a Amurka sunansa iPLEDGE, an fara shi a 2006. Likitan da zai rubuta sai ya yi rajista, famasin da zai bayar sai ya yi rajista, mai sha ma haka. Macen da zata iya ɗaukar ciki sai an mata gwaji sau biyu an tabbatar babu kafin ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, sai ta yarda da hanyoyin kariya guda biyu a lokaci ɗaya tun wata guda kafin ta fara, ko ta tabbatar babu kusantar namiji kwata kwata, ba a bata fiye da na kwana 30, kowane wata sai an sake gwaji, kuma idan bata karɓi maganin cikin kwana 7 da gwajin ba sai an sake wani. A Turai ma akwai irin nasu tsarin, hukumar magungunansu ta ƙara tsaurara shi a 2018. Amma ki ji wannan, duk da wannan tsaron, a Amurka ana samun rahoton ciki sama da 200 a shekara a tsakanin masu shan maganin. Da rajista, da kwamfuta, da sa hannu, da komai.

Yanzu ki dawo gida ki duba yadda kwalin ya iso hannun ɗiyata. Ƙawa ta ba ta lamba, ta tura kuɗi, ɗan acaɓa ya kawo. Babu wanda ya tambayeta yaushe rabonki da al'ada, kina da aure, an sa miki rana. Ni a ganina gwajin nan da kariyar nan da jiran nan wani ɓangare ne na maganin kansa, kamar yadda ba a sayar da risho a bar murfin tankinsa a shago. Mu kuma kafson ya shigo mana shi kaɗai, shingen an baro shi a can. Doka ta ce sai da takardar likita, amma duk wanda ya taɓa shiga kemis a unguwarsa ya san nisan da ke tsakanin doka da kanta, balle kuma masu talla a Instagram da sitatus na WhatsApp da suke haɗa shi cikin abin da suke kira fakejin amarya, tare da sabulu da mai da su dilka.

Kuma amaren nan su ne suka fi tsaya min a rai, saboda duk abubuwan haɗarin a kansu suke haɗuwa. Lokacin da yarinya ta fi matsuwa fuskarta ta yi kyau shine wata biyu ukun nan kafin biki. Lokacin da ta fi kusa da ɗaukar ciki a duk rayuwarta shine wata biyu ukun da ke biye. Tsakaninsu dare ɗaya ne. Sannan a al'adarmu wace amarya ce zata buɗi baki ta ce zata yi tsarin iyali daga shiga ɗaki? Dangin miji suna ƙirga wata, uwarta ma tana ƙirgawa, ana mata addu'ar Allah ya sa nan da wata tara mu dawo suna, ita kanta tana so. Budurwa kuma ko likita ta je wa, ya ce sai an miki gwajin ciki, uwar da ta rakota zata iya tashi ta ce an zagi tarbiyyar gidansu. Na fahimci wannan jin, amma gwajin ba zargi bane, ƙa'idar maganin ce ga kowace mace a duk duniya, kuma likitan da ya tsallake shi dan kunya bai kyauta wa yarinyar ba.

Akwai wasu matan kuma da suke ganin su maganar bata shafe su ba. Na farko masu matsalar nan ta ƙwan mace da ake kira PCOS, wadda take zuwa da ƙuraje a haɓa da gefen muƙamuƙi, da gashi a fuska, da al'ada mai tsallake wata biyu ko uku. Su ne suka fi neman maganin ƙuraje mai ƙarfi, su ne aka fi gaya wa haihuwa zata yi muku wuya har suka cire rai, kuma su ne idan cikin ya shiga basa ganewa da wuri tunda dama watan ya saba ɓacewa. Mace ta shekara shida tana neman haihuwa, ranar da Allah ya kawo kuma ya same ta tana kan wannan kafson, ki auna wannan baƙin cikin. Na biyu masu goyo da suke cewa ai ban fara al'ada ba. Kwanika ba baƙon abu bane a gidajenmu, kuma dama mai shayarwa bai halatta ta sha shi ba ko da babu maganar ciki.

Labari mai daɗi a nan shine maganin baya zama a jiki. Wata ɗaya cikakke bayan ƙwaya ta ƙarshe ya fita, kuma cikin da aka samu bayan nan haɗarinsa daidai yake da na kowa. Baya hana haihuwa, baya lalata mahaifa, duk masu yaɗa wannan basu faɗi daidai ba. Amma a kula da wani ɗan uwansa mai suna acitretin da ake ba masu wata cutar fata mai sa ɓawo, shi wannan shekara 3 ake jira, kar a haɗa su. Namiji mai shan isotretinoin kuma abin da ke fita ta maniyyinsa bai kai ya cutar da ciki ba, nasa dokar ita ce kar ya ba kowa ko ƙwaya ɗaya, kar ya ajiye inda matarsa zata ɗauka ta gwada. Kuma mace ko namiji, ba a bayar da jini ana kan sha har sai wata ɗaya da dainawa, saboda jinin nan wata mai ciki za a iya ƙarawa. Wannan ya shafe mu sosai tunda mu 'yan uwa ake kira su bada jini a asibiti, kuma sau da yawa wa ake ba wa in ba mai ciki ba.

Matar aure da ƙurajenta suka kai a bata shi, zata iya sha, amma da shiri kuma da sanin maigida. Kariyar da aka fi yarda da ita ita ce wadda bata dogara da tunawa ba, wato ashanar fata ko robar mahaifa, a ƙara da kororon roba. Ƙirgen kwanaki ba kariya bace a nan, haka ma ƙananan ƙwayoyin nan masu sinadari ɗaya da ake ba masu shayarwa, ba a yarda a dogara dasu ba. In maigida ya ce shi bai yarda da tsarin iyali ba, toh magana ta ƙare, wannan maganin ba naki bane yanzu, a nemi wani.

Sauran magungunan basu kai shi ba amma suma akwai magana. Doxycycline, kafson nan da kusan kowane kemis yake miƙo wa mai ƙuraje, da 'yan uwansa tetracycline da minocycline, suna manne wa sinadarin ƙashi. Idan aka sha daga wajen wata na huɗu zuwa sama, lokacin da haƙoran jariri suke ginuwa a cikin dasashi, yaro na iya fito da haƙora ruwan ƙasa ko ruwan toka, kuma ba datti bane balle a goge. Wadda ta sha a satin farko bata san tana da ciki ba kar ta tada hankalinta, ta daina kawai ta faɗa a wurin awo. Wani abu kuma, ba a haɗa su da isotretinoin ko babu ciki, haɗin na iya ɗaga matsin ruwan cikin kai ya kawo ciwon kai mai tsanani har ya taɓa gani, kuma masu haɗa fakej basu san wannan ba.

Spironolactone asalinsa maganin hawan jini ne da kumburi, amma ana ba mata dan ƙuraje saboda yana danne sinadarin maza a jiki. Toh in cikin na ɗa namiji ne, wannan sinadarin da ake dannewa shi ne yake gina masa al'aura, shi yasa ake hana shi. Haka Diane-35, wata ƙwayar mata da ita ma take danne sinadarin maza, da ake rubuta wa wasu, da zarar an yi zargin ciki a ajiye.

Na shafawa fa? Anan nake so a rage tsoro kaɗan, dan na ga mata suna kuka akan abin da bai kai ba. Tretinoin da adapalene da retinol ɗin da ya cika mayukan gyaran fuska yanzu duk dangin bitamin A ne, amma abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai, kuma binciken da aka yi akan matan da suka shafa a farkon ciki bisa rashin sani bai nuna ƙaruwar nakasa a fili ba. Duk da haka shawarar ita ce mai ciki da mai neman ciki su bar su, tunda ƙuraje basu kai a yi caca da ɗa ba. Tazarotene, wani na shafawa ɗan gidansu, shi an hana kai tsaye. Kenan wadda ta shafa ta daina ta kwantar da hankali, wadda ta haɗiya kuma ta tafi asibiti yau ɗin nan, bambancin kenan.

Wanda yafi bani tsoro a na shafawa shine haɗin da babu suna, man da ake zubawa a roba a liƙa masa takarda a ce na gargajiya ne ko oganik. Sau da yawa abin da ke sa shi aiki da sauri sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi irin clobetasol, ko hydroquinone wanda kusan kashi 35 zuwa 45 cikin 100 nasa yake shiga jini, wani ma har da makyuri wanda ke ratsa mahaifa ya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Kuma abin takaicin shi sitiroyid da kansa yana haifar da ƙuraje. Mace ta shafa dan haske, ƙananan ƙuraje su feso mata, ta ƙara shafawa su lafa kwana biyu su dawo da ƙarfi, daga nan sai a ce mata ai sai kin sha kafso. Ta haka wasu suke kai wa ga isotretinoin ta bayan fage.

Ko bitamin A ɗin kansa in ya yi yawa matsala ne, kar mai ciki ta sayi manyan ƙwayoyinsa tana sha dan gyaran fata, ta tsaya akan abin da aka bata a wurin awo. Karas da alayyahu da manja ba su cikin wannan, jiki yana ɗaukar abin da yake buƙata ne daga cikinsu.

To mai ciki ta zauna da ƙurajen kenan? A'a. Akwai azelaic acid, wanda ni shi nafi so a fatarmu saboda yana rage ƙurajen kuma yana taimakawa da baƙin tabon da suke bari, wanda ga yawancinmu tabon ma yafi ƙurjin ciwo. Akwai benzoyl peroxide mai sauƙin ƙarfi, sai dai yana cin launin kaya, ki lura da hijabinki da rigar filo. Akwai clindamycin ko erythromycin na shafawa da ake haɗawa dashi. In abin ya yi tsanani likita na iya bada na sha irin cefalexin ko amoxicillin na ɗan lokaci. Sabulu mai sauƙi sau biyu a rana, a daina dirzar fuska da soso kamar ana wanke tukunya, a daina matsa. Duk waɗannan sai an basu sati shida zuwa takwas kafin a ce basu yi ba, kuma gaskiya ba zasu yi abin da kafson yake yi ba, riƙe fuskar kawai zasu yi har a sauka lafiya a yaye, sannan in ana so a yi babban maganin a tsanake.

In kuma kina karanta wannan gabanki yana faɗuwa saboda kin riga kin sha kuma wata ya ɓace, ki daina yanzu, kar ki ce bari in ƙarasa katin. Ki ɗauki kwalin ki tafi wurin likitan mata, ki faɗa masa ranar da kika fara, ranar da kika sha na ƙarshe, da ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, dan da waɗannan ranakun zai auna ko maganin ya haɗu da cikin. Kar ki ɓoye dan kunyar a ce a ina kika samu. Babu jiƙo ko madara ko wani wankin ciki da zai fitar dashi, folik asid ma yana da amfaninsa amma baya warware wannan. Za a so a miki sikanin na musamman wajen sati 18 zuwa 22 a duba kai da fuska da zuciya, ki sani sikanin baya ganin komai, musamman abin da ya shafi fahimtar yaro nan gaba, don haka ko an haihu lafiya a gaya wa likitan yara a duba jinsa a kuma bibiyi girmansa. Da yawan jariran suna zuwa babu nakasa. Kuma laifin ba naki bane ke kaɗai, wanda ya miƙa miki bai tambayeki komai ba yana da kaso mafi girma.

Ɗiyar yayana washegari na ɗauketa muka je wurin likitar fata. Ta mata gwaji, ta duba kwalin, ta ƙirga kwanaki a kalandar wayarta, tace hanya biyu ce, ko ki daina yau ya zama kin samu wata ɗaya da ɗoriya kafin ki tare, ko ki ci gaba amma sai an zauna da angon an yi maganar kariya har ki kammala da wata ɗaya a kai. Yarinyar ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, can tace ita bata ma san ta inda zata fara wannan maganar da shi ba. Ta zaɓi dainawa, aka rubuta mata na shafawa. Ƙuraje biyu uku sun fito mata a haɓa satin kamu, ta yi kuka, mai kwalliya ta rufe su.

Ragowar katin guda biyu ne a kwalin. Kafin mu bar gida da safen nan ashe har wata ƙawarta ta turo mata saƙo, tace in dai kin daina dan Allah ki ajiye min sauran. Na tambayeta wacece, tace wadda aka yi bikinta bayan ƙaramar sallah. Na karɓi wayar na kira yarinyar da kaina muka yi kusan minti ashirin, kwalin kuma a jakata ya koma, na miƙa shi a famasin asibitin kafin mu fito.